Sunan da Baba Ba Ya Kira

Wani ɗan jami'a da ke haya a gidan da ya manne da nawa a Selly Oak ta Birmingham ya samo sabuwar sana'a, wato dukan bango da ƙwallo. Da la'asar, na dawo daga aiki ƙafafuna sun yi tsami, ina neman inda zan sa haƙarƙarina, sai in ji dum, shiru, dum, shiru. Rannan abin ya kai ni maƙura, har na ɗauki mayafi zan fita in ja masa kunne. Ban fita ba. Zan gaya muku abin da ya hana ni, amma sai na fara kai ku Longsight ta Manchester, domin wannan ƙarar ita ta raine ni.

Gidanmu na can irin gidajen nan ne na jan bulo da aka jera a layi, kowanne jingine da ɗan'uwansa, wanda idan maƙwabci ya yi atishawa kai za ka ce masa yarhamukallah. A baya akwai ɗan tsakar gida wanda bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, kullum a jiƙe da yayyafin garin nan da ba ya ɗaukewa. Mu huɗu iyayenmu suka haifa, ni ce auta. Yaya ne ɗan fari, kuma shi kaɗai aka haifa a Kanada, lokacin da Baba ke ƙaro karatun injiniya a can. Yana goye aka taho da shi, bai san komai na ƙasar ba, amma muna kiransa ɗan Kanada don tsokana. Ashe bakinmu ne zai kama shi.

Wani malaminsu na motsa jiki ne ya jawo mana wasan lakros cikin gida. Idan ba ku taɓa gani ba, wasa ne da ake yi da sanda mai ɗan raga a kai, kamar a ce ludayi ne aka saƙa masa ciki. Da ragar ake cafke ƙwallon, da ita ake gudu da shi, da ita ake jefa shi cikin ragar abokan hamayya. Ƙwallon kuwa na roba ne, bai kai lemo girma ba, amma taurinsa sai wanda ya taɓa samun sa a ƙauri. Kudancin Manchester suna ji da wasan nan, akwai ƙungiyoyinsa a unguwannin masu hali. Yaya sai ya hau bas a Stockport Road da jakarsa doguwa, sanda ta leƙo ta sama, mutanen layinmu suna binsa da kallo suna tambayar Mama ko kamun kifi ya fara.

Ban manta warin kayan nan ba. Da sanyi, safar hannunsa masu kauri da hular kwanon da yake sawa suna bisa hitar falo suna bushewa, warinsu na gumi da taɓo yana kokawa da ƙamshin daddawar miyar kuka da ke fitowa daga kicin. Mama ta yi tsaki ta yi tsaki, amma ba ta taɓa jefar da su waje ba. Sandar kuma ta mayar da ita kayan aikin gida. Da ita take share yanar gizo a saman bene, da ita take zaro tsintsiyar da ta faɗa bayan firji. Yaya ya dawo daga makaranta ya tarar an karkace masa ragar da ya ɓata yini yana ɗaurewa, ya tsaya kamar zai yi kuka, Mama ko a jikinta.

Kowace yamma, da rani da sanyi, yana tsakar gida yana jifan bangon baya. Hannun dama, sannan hagu, sannan dama. Ni ina sama ina fama da aikin makaranta, kaina kamar zai tsage. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kujerar Baba tana jingine da wannan bangon ta ciki. Mutumin da idan ka rufe ƙofa da ƙarfi sai ya yi maka wa'azi, ga shi nan zaune da jarida, bango na girgiza a ƙeyarsa, bai taɓa cewa uffan ba. Na ɗauka don bai damu da abin da Yaya ke yi ba ne sam. Wata tsohuwar Baturiya da ke maƙwabtaka da mu ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ta kawo ƙara, ta ce kofunan shayinta rawa suke yi. Baba ya saurare ta tsaf, ya ba ta haƙuri da Turancinsa na 'yan boko na da, sannan ya ce, "Amma bangona ne." Ya rufe ƙofa a hankali ya koma kujerarsa.

Kun san al'adar kunyar ɗan fari, ba sai na koya muku ba. To iyayenmu sun ɗauko ta cif daga gida, suka tsallako teku da ita, ba su zubar da ko ɗigo a hanya ba. Baba bai taɓa kiran sunan Yaya ba. "Yaron nan" yake cewa, ko "wancan". Mama kuma "yayanku". Ni kuwa auta, sunana a bakinsu yake daga safe har yamma, a cinyar Baba nake cin ƙosai. Idan na zo ta goma a aji sai an yanka kaza. Yaya ya zo na ɗaya, Baba ya dubi takardar ta saman tabarau ya ce, "To."

Ranar da ƙwallo ya karya wa Yaya ɗan yatsa, ni da shi da Baba muka tafi wajen likita. Matar da ke karɓar mutane ta ɗago ta tambayi Baba sunan yaron. Baba ya dubi bango, ya dubi agogo, sannan ya dube ni ya ce, "Auta, faɗa mata." Matar ta kalle shi, ta kalli Yaya, ta sake kallonsa, ta tambaya ko dai ba shi ne mahaifin ba. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Yaya yana riƙe da yatsansa da ya kumbura, ya faɗi sunansa da bakinsa, da muryar yaran Manchester, bai kalli kowa ba.

Ranar Asabar, ni ake turawa in raka shi filin wasa, wai kada ya tafi shi kaɗai. Ina tsaye cikin iska da hancina yana yoyo, ina kallon iyayen sauran yara. Uba ya zo da karensa da kofin shayinsa, yana bin gefen fili da gudu yana ƙwala wa ɗansa kira har muryarsa ta dushe. Yaro ya faɗi, uban ya yi ihu. Yaro ya ci, uban ya rungume uban da ke kusa da shi. Yaya ya fi yawancinsu iyawa, wannan ko ni da ban san kan wasan ba ina gani. Idan ya jefa ƙwallo a raga, sai ya waiwayo gefen fili. Ni kaɗai zai gani, da jakar ruwansa a hannu, ina rawar sanyi ina Allah-Allah a tashi.

Mai kiran sunan Yaya da babbar murya mutum ɗaya ne, Baffa, ƙanin Baba, wanda ke zaune a Handsworth ta Birmingham. Akanta ne, gajere mai tumbi, mai dariyar da ake ji daga farkon layi. Duk hutun makaranta ake loda mu a mota a kai mu gidansa, mu wuce shagunan Indiyawa da na 'yan Jamaika, mu tarar da matarsa ta cika kuloli da waina da miyar taushe. Baffa zai tare Yaya tun daga ƙofa yana yi masa kirari. Shi ke sayo masa sabuwar sanda, shi ke zuwa makaranta idan an kira iyaye kan wani babban abu. A wajen manya wannan shi ne daidai, ɗan fari na ƙanin uba ne, an gama magana. Ba wanda ya zaunar da Yaya ya yi masa wannan bayanin. Sun ɗauka abu ne da ake sani kamar yadda ake sanin yunwa.

Shekarar da ƙungiyarsu ta matasa ta kai wasan ƙarshe na cin kofi, Yaya ya yi abin da bai taɓa yi ba. Hausarsa ba ta da ƙwari, don haka ya yi kwanaki yana maimaita maganar a ɗakinsa, ina jinsa ta bango. Bayan sallar magariba ya shigo falo ya durƙusa a gaban kujerar Baba, yadda ya ga ana yi idan mun je gida hutu.

"Baba, ranar Asabar final ne. Ina so ka zo."

Baba ya ninke jarida. Ya dubi wani wuri can saman kan Yaya. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Sannan ya miƙa hannu ya jawo waya ya kira Birmingham.

Asabar ta yi, sai ga Baffa da babbar riga shuɗiya da hula, mota cike da matarsa da 'ya'yansa da wani abokinsa da ba wanda ya gayyata, da kulolin shinkafa kamar za a yi suna. Bai san dokar wasan ko ɗaya ba. Ya yi ihun murna lokacin da abokan hamayya suka ci, don ya ɗauka namu ne. Da wani ƙato ya maka wa Yaya sanda a hannu, wanda a wasan halal ne, Baffa ya tattare riga zai shiga fili, sai da mutum biyu suka riƙe shi. Yana ta faɗa wa alƙalin wasa, "This is assault! Ɗana ne fa, my son!" Turawa suka yi ta dariya, bayan an tashi kuma suka yi layi suna cin shinkafarsa. Su Yaya suka ci kofin, shi aka ba kyautar gwanin wasa. Kowa a filin ya tafi da sanin cewa Baffa ne ubansa.

Muka dawo gida muka tarar da Baba a tsakar gida yana gyara magudanar ruwa da ba abin da ya same ta. Yaya ya ajiye kyautar a kan teburin falo. Baba ya shigo yana goge hannu, ya kewaye teburin, ya ce wa Mama, "A ɗauke wannan a sa inda ba zai faɗo wa mutane ba." Mama ta zuba wa Yaya nama fiye da na kowa, ta tura masa kwanon ba tare da ta dube shi ba. Ya ci loma kaɗan ya haye sama. Ranar ba a daki bango ba.

Da ya gama sakandare ya ce Kanada zai tafi, tunda yana da takardun ƙasar kuma can ne gidan wasan. An yi taro a Handsworth, an kira gida, an yi ta cacar baki kan yaron da ake so ya zama likita zai tafi guje-guje da sanda. Baffa ne ya tsaya masa, da sharaɗin zai haɗa da karatu. Baba a taron nan bai ce e ba, bai ce a'a ba, shayinsa yake sha. A filin jirgi ma Baffa ne ya rungume shi. Baba ya ba shi hannu ya ce ya riƙe salla.

Irin lakros da ake biyan mutum ya buga a can a rufaffen ɗaki ake yi, a filin da aka kewaye da katako, a lokacin sanyin da ke daskarar da hawaye a waje. Ya fi namu na ciyawa zafi nesa ba kusa ba, mutum ake haɗawa da bango a matse shi kamar za a tatsi mai. Yaya ya sha wuya kafin ya saba, don yaran can da sandar suka tashi. Ya yi shekaru a ƙananan ƙungiyoyi kafin wata babba ta ɗauke shi. Ko a nan ɗin ba wani arziki ba ne, ranakun mako yana koyarwa a makaranta, ƙarshen mako ya hau jirgi ya je a dake shi a wani gari. An san shi da iya jifa da kowane hannu, mai tsaron raga ba ya sanin ta inda zai ɓullo. An yi musayarsa zuwa wata ƙungiyar, ya ji ciwo a gwiwa, aka yi masa aiki, ya dawo, gwiwar ta sake tashi. Duk tsawon lokacin nan idan abokan Baba suka tambaye shi a masallaci, amsarsa ɗaya ce: "Yana can." Ni ce nake kunna wasannin washegari a falo, in ƙure murya da gangan. Baba ya ɗaga jarida ya rufe fuska.

Da likitoci suka ce gwiwar ba za ta ƙara kai shi wata shekara ba, Yaya ya aiko wa Baba tikitin jirgi don ya zo ya ga wasansa na ƙarshe. Ya kira ni ya ce, "Auta, just once. Ko sau ɗaya ya gan ni." Mutum mai gemu, mai mata, yana roƙo kamar yaron nan da ya durƙusa a falo. Na ce masa ya bar min, zan shawo kan Baba. Kafin in buɗe baki Baba ya riga ya kira Handsworth, an canza sunan da ke kan tikitin. Baffa ya tafi da babbar rigarsa cikin ƙanƙara, ya dawo da mura da labarin yadda dubban mutane suka miƙe tsaye suna tafa wa ɗansa.

Ranar na manta da tarbiyya. Na tuƙo mota daga Birmingham, inda na koma da zama, na shiga falo ko zama ban yi ba. Na ce, "Baba, me ya yi maka? Sau biyu ya roƙe ka a rayuwarsa, sau biyu ka aika Baffa!"

Mama ta riƙe baki. Baba bai yi fushi ba, abin da ya ƙara tunzura ni ke nan. Ya ce, "Ni ma ɗan fari ne, Auta. Har mahaifina ya rasu bai kira sunana ba, kuma ban taɓa kwana da shakka a kansa ba."

Na ce, "Kai a garinku ka tashi, inda kowa ya san ma'anar shirun, har maƙwabta za su gaya maka. Shi a Longsight ya tashi. Wa zai fassara masa?"

Ya dube ni. Sannan ya tambayi Mama ko an ba ni abinci. Na fita na buga ƙofa yadda duk layin sai da ya ji, kuma har yau ban yi nadama ba.

Yaya bai sake roƙo ba. Ya zama mai koyar da yara wasan a can, yana kira ranar Juma'a ya gaishe da iyayensa cikin ladabi, gaisuwar da ba ta wuce lafiya da yanayin gari. Ya haifi ɗansa na fari, kuma kamar mai ramuwa, sunan yaron nan ba ya barin bakinsa, ko ruwa yaron ya sha sai ya yaba masa. Mama ta gani a waya ta ce zamani ya lalace.

Sai mantuwa ta fara kama Baba. Da fari makulli, sannan hanyar masallaci, sannan sunayen jikoki. Muka sayar da gidan Longsight, na dawo da shi da Mama wajena, kusa da Baffa wanda shi ma yanzu da sanda yake tafiya. Ciwon ya cinye abubuwa da yawa, kuma cikin abin da ya cinye har da kunyar. Wata rana na kunna masa tsohon wasan Yaya don ya zauna wuri ɗaya in samu in yi girki. Ina yanka albasa na ji an ƙwala kiran sunan Yaya daga falo. Wuƙar ta kusa yanke ni. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan da muryar Baba ba.

Da ranin bara Yaya ya zo, yana ɗan ɗingishi, furfura ta fara fito masa. Ya durƙusa ya gaishe da Baba. Baba ya amsa da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo mai daraja, ya ce a kawo wa malam ruwa. Bai gane shi ba. Wasan yana kan talabijin, Baba ya jawo hannunsa ya zaunar da shi.

"Malam, zo ka ga ɗana. Ga shi can." Ya faɗi sunan, ya sake faɗa, har da na kakanmu da aka sa masa.

Yaya ya dubi talabijin ɗin. Ya ce, "Ya iya wasan, Baba?"

"Ya iya mana! Ai a bangon gidana ya koya. Ina zaune ta ciki ina ji. Jifan hannun dama ƙararsa a cike take. Na hagu da fari rawa yake yi, kamar mai tsoron bangon. Ya daɗe yana fama. Ranar da na kasa bambance su, na ce yaron nan ya gama." Ya yi dariya, ya daki cinyar Yaya. "Kada ka gaya masa fa."

Yaya ya ce ba zai gaya masa ba. Ya zauna har aka gama wasan, Baba yana nuna masa shi kansa a allo. Sannan ya tashi ya fita bayan gida, ya daɗe tsaye ya ba mu baya. Mama ta ja mayafi ta rufe fuska.

Za ku ce to ai shi ke nan, magana ta fito, hankali ya kwanta. Ni nawa bai kwanta ba. Haushi nake ji har gobe. Maganar nan tana bakin Baba tun muna yara, taku kaɗan ne daga kujerarsa zuwa tsakar gida, amma sai da ya manta fuskar ɗansa sannan ya iya faɗa masa. Yanzu yaranmu ba su san wannan kunyar ba, sunan kowa a bakin kowa yake, kuma ban ce an yi asara ba. Sai dai ga ni nan, na ba ku labarin nan kaf ban iya rubuta sunan ba ni ma, abin da ke ƙara min haushi ke nan.

To rannan da ɗan jami'ar nan ya ishe ni, na ɗauki mayafi na nufi ƙofa ina masifa. Baba yana kujerarsa, wadda ya sa aka jingina masa da bangon baya tun ranar da ya tare. Idonsa a rufe, na ɗauka barci yake. Na kama mariƙin ƙofa ke nan ya ɗaga hannu.

"Auta, bar shi," ya ce. "Bangona ne."

Na mayar da mayafin inda na ɗauko shi, na koma na ɗora tukunya.